Maganin Ciwon Ƙirji da Tsokar Zuciya: Inda Amfani Ke Tsayawa, Cutarwa Ta Fara

Duk wanda ya taɓa zaman jinyar mai ciwon zuciya ya san ɗan maganin nan da ake sakawa a ƙarƙashin harshe. Mutum na dafe da ƙirji kamar an ɗora masa dutsen niƙa, gumi na keto masa, sai a saka masa shi, kafin minti uku ka ga ya sauke numfashi, fuskarsa ta saki. Sunan maganin naitirogilisarin. Yana da 'yan uwa: akwai aisosobaid da ake haɗiya kullum, akwai kuma naitirofurusaid da ake ɗurawa ta jijiya idan hawan jini ya yi tashin da ake tsoron zai yi kisa. Abin da ya haɗa su zuriya ɗaya shi ne idan suka shiga jiki, aikinsu yana bi ne ta hanyar wata iska mai suna naitirik oksaid. Fiye da shekara 30 ke nan kuma masu bincike suna ganin wani abu mai tayar da hankali a ɗakunan gwaje-gwaje: idan aka zuba irin waɗannan magunguna da yawa a kan ƙwayoyin halittar tsokar zuciya aka bar su, ƙarfin ƙwayoyin yana raguwa, daga baya su mutu. Tambayar da ta dame ni ita ce ko abin da ake gani cikin farantin gwaji yana faruwa a ƙirjin majinyaci, idan kuma yana faruwa, a wane hali.

Tun farko dai wannan magani ba don magani aka ƙirƙiro shi ba. Wani masanin sinadarai ɗan Italiya, Ascanio Sobrero, shi ya fara haɗa naitirogilisarin a birnin Turin a 1847, ya ɗanɗana kaɗan a harshe, kansa ya sara da ciwo. Alfred Nobel ya ɗauki wannan ruwa mai saurin fashewa ya mayar da shi nakiyar fasa duwatsu a 1867, dukiyarsa kuma daga nan ta fito. A wannan shekarar ce wani matashin likita a Edinbara, Thomas Lauder Brunton, ya gano cewa shaƙar wani sinadari ɗan dangin nan yana kwantar da ciwon ƙirji, sannan a 1879 William Murrell na Landan ya wallafa yadda ya yi wa majinyata magani da naitirogilisarin ɗin kansa. Shi ma Nobel, gab da rasuwarsa a 1896, abin da likitocinsa suka rubuta masa ke nan.

Alamar farko cewa akwai lauje cikin naɗi daga masana'antun nakiya ta fito. Ma'aikatan da ke shaƙar wannan sinadari suna taɓa shi da hannu kullum sukan yi fama da matsanancin ciwon kai ranar Litinin, zuwa Laraba sai ya lafa domin jiki ya saba, idan aka yi hutun ƙarshen mako sabon ya goge, Litinin ta sake dawowa da ciwonta. Wasu har sukan shafa ɗan kaɗan a cikin hularsu su tafi da shi gida don kada sabon ya tafi. Abin da ya fi wannan muni shi ne cikin waɗanda suka daɗe a aikin an riƙa samun masu ciwon ƙirji, har da mutuwar fuju'a, ranar Lahadi ko safiyar Litinin, wato daidai lokacin da sinadarin ya fita daga jikinsu, jijiyoyin da suka saba da shi suka tsuke. Darussa biyu da likitoci ke fama da su har yau suna cikin wannan labari: jiki yana sabawa da maganin cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma jikin da ya daɗe a cikinsa ya riga ya sauya.

An shafe shekara ɗari ana ba da maganin ba tare da an san yadda yake aiki ba. Sai a 1977 Ferid Murad ya nuna cewa iskar naitirik oksaid ce ke tayar da wani enzayim, wato sinadarin da ke gudanar da wani aiki a cikin ƙwayoyin jiki, a cikin tsokar jijiya ya sa ta saki. A 1980 Robert Furchgott ya gano cewa siririn rufin da ke cikin jijiyar jini yana fitar da wani abu da ke umartar jijiya ta buɗe, zuwa 1987 kuma aikin Louis Ignarro a Amurka da na Salvador Moncada a Ingila suka tabbatar cewa wannan abu ita ce dai iskar nan. Furchgott da Ignarro da Murad suka karɓi kyautar Nobel a 1998. Kada a haɗa ta da iskar da likitocin haƙori ke shaƙa wa mutum, waccan naitiros oksaid ce, sunan ne kawai ya yi kusa. Ita wannan jiki ne da kansa ke ƙera ta daga wani sinadarin abinci mai suna ajinin, kaɗan-kaɗan, a daidai wurin da ake buƙata, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi ta ɓace. A nan bambancin yake. Jiki yana sakinta kamar yadda uwargida ke barbaɗa gishiri, da awo kuma a kan lokaci. Magani kuwa yana watsa ta ko'ina jini ya kai, ba ruwansa da wurin da ke buƙata da wanda ba ya buƙata.

Amfanin da ake samu kuma na gaske ne. Maganin yana faɗaɗa manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya, sai jinin da ke tururuwa cikinta ya ragu, nauyin da take ɗagawa ya yi sauƙi, buƙatarta ta iskar oksijin ta sauka. Wanda ruwa ya cika wa huhu yana neman shaƙewa, allurar naitirogilisarin na iya dawo masa da numfashi cikin mintuna. Ba na son wani ya karanta abin da ke tafe ya manta da wannan.

Sai dai ƙwayar tsokar zuciya ba kamar sauran ƙwayoyin jiki take ba. Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a rana, ba ta da hutu, ba ta kuma da rumbun ajiyar ƙarfi, abin da ta dafa yanzu shi take ci yanzu. Saboda haka kusan kashi ɗaya cikin uku na cikin kowace ƙwayar tsokarta wasu 'yan murahu ne da ake kira maitokondiriya, inda ake ƙona kitse da sukari da oksijin a samu ƙarfin bugawa. Ko mutum na kwance, zuciyarsa tana tsotse kusan kashi 70 cikin 100 na oksijin da ke cikin jinin da ya ratsa ta. Ga kuma babbar matsalar: ƙwayar da ta mutu da wuya a maye gurbinta. Masu bincike a cibiyar Karolinska ta Suwidin sun auna wannan a 2009, suka samu cewa ɗan shekara 25 yana sabunta kusan kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin tsokar zuciyarsa a shekara, ɗan shekara 75 kuma bai kai rabin haka ba. Hanta takan farfaɗo, fata takan toho, amma inda tsokar zuciya ta mutu tabo ne ke zama, tabo kuwa ba ya bugawa.

Idan naitirik oksaid kaɗan ce, alheri take yi wa wannan ƙwaya. Tana taimaka mata ta saki da kyau tsakanin bugu da bugu don zuciya ta cika da jini, tana daidaita yadda take cin oksijin, har ma tana toshe wasu enzayim da ke zartar da hukuncin mutuwar ƙwaya. Idan ta yi yawa sai al'amarin ya juye. A 1992 Mitchell Finkel da abokan aikinsa a birnin Fitsbag na Amurka suka nuna cewa sinadaran da jiki ke saki lokacin kumburi da zazzaɓi suna raunana bugun tsokar zuciya, kuma idan aka hana ƙera naitirik oksaid raunin yana gushewa. Wannan ya taimaka wajen fahimtar dalilin da zuciyar mai gubar ƙwayoyin cuta a jini take yin laushi: a irin wannan hali jiki yana kunna wani nau'in enzayim da ke kwararo iskar babu ƙaƙƙautawa na tsawon sa'o'i, ninkin-ba-ninkin abin da aka saba.

Rauni na farko a murhun yake faruwa. A ƙarshen layin da ake ƙona abinci a cikin maitokondiriya akwai wani enzayim da oksijin ke zuwa ya zauna a kansa, ana ce masa saitokurom oksides. A 1994 ƙungiyoyin masu bincike a Ingila da Suwizalan suka gano cewa naitirik oksaid tana ƙwace wa oksijin wannan mazauni. Kokawa ce tsakaninsu, wanda ya fi yawa shi ke zama. A zuciya mai lafiya da oksijin ya wadata, iskar ba ta yin wani tasiri mai yawa, da zarar ta watse kuma aiki ya ci gaba. Amma ka duba wanda ake ba wa maganin: mutum ne da jijiyar zuciyarsa ta toshe ko ta ƙuntace, wato wanda oksijin ya riga ya yi wa ƙaranci. A irin wannan tsoka iska kaɗan ta isa ta rage wa murhu wuta. Idan kuma abin ya ɗauki sa'o'i, bincike na 1998 daga ɗakin gwajin Moncada ya nuna cewa cutarwar tana komawa wani mataki na farkon layin, inda ba ta saurin warwarewa ko an janye iskar.

Duk da haka, idan za a yi adalci, naitirik oksaid ita kaɗai ba muguwar guba ba ce. Zama da maɗaukin kanwa ne ke kawo mata farin kai. Kowane murhu da ke ci yana tartsatsi, tartsatsin maitokondiriya kuwa wani gurɓataccen oksijin ne mai suna sufa'oksaid. A ƙwaya mai lafiya akwai enzayim da aikinsa kawai kashe wannan tartsatsi tun bai taɓa komai ba. A 1990 Joseph Beckman na jami'ar Alabama ya fito da abin da ya sauya fahimtar fannin gaba ɗaya: idan naitirik oksaid ta gamu da sufa'oksaid, suna haɗewa da saurin da ya zarce na enzayim ɗin da ke kashe tartsatsin, su haifi wani sabon sinadari, feroksinaitirait. Wannan shi ne mai ɓarnar. Yana cin kitsen da aka gina bangon ƙwaya da shi, yana manne wa sunadarai ya gurgunta su, yana tsinka zaren gado da ke tsakiyar ƙwaya.

A cikin ƙwayar tsokar zuciya an san wuraren da yake fi kai wa hari. Akwai famfon da ke kwashe sinadarin kalsiyam ya mayar ma'ajiyarsa bayan kowane bugu, idan ya lalace tsoka ba ta saki da kyau, ba ta kuma samun isasshen kalsiyam na bugu na gaba. Akwai enzayim ɗin da ke jigilar ƙarfi daga murhu zuwa zaren da ke tsukewa. Akwai su kansu matakan ƙona abinci a cikin maitokondiriya, waɗanda idan suka ji rauni sai tartsatsinsu ya ƙaru. Mafi ban takaici shi ne feroksinaitirait yana lalata wani sinadarin da enzayim mai ƙera naitirik oksaid na jiki yake dogara da shi, idan kuma ya rasa shi sai ya daina ƙera iskar ya koma ƙera sufa'oksaid. Mai gadin gida ya koma cinna wa gidan wuta ke nan. Tartsatsi ya ƙaru, ya cinye iskar da ta rage, a sake samun sabon feroksinaitirait, abu ya yi ta zagayawa. A ina kuma aka fi samun sufa'oksaid tun kafin a ba da magani? A zuciyar mai ciwon sukari, da mai hawan jini na shekaru, da mai shan taba, da kuma tsokar da jini ya yanke mata sannan ya dawo. Ma'ana, awon maganin da zai yi wa wani amfani zalla, a jikin wani yana iya tarar da abokin ɓarna yana jiransa.

Daga nan mutuwar ƙwaya hanya biyu take bi. Ko dai maitokondiriya ta huje ta zubo da wani sunadari da ke tayar da enzayim ɗin da ke rushe ƙwaya daga ciki a tsanake, ko kuma tsinkewar zaren gado ta tayar da mai gyaransa, shi kuma ya yi ta gyara har ya cinye ɗan ƙarfin da ya rage, ƙwaya ta kumbura ta fashe. An ga duka biyun a ƙwayoyin zuciyar ɓeraye da aka jiƙa da waɗannan magunguna.

A nan ne nake son a ja birki, domin na sha ganin an ɗauki sakamakon faranti an mayar da shi hukunci a kan majinyaci. Yawan maganin da ake zubawa a faranti sau da yawa ya ninka abin da ke yawo a jinin mutum sau ɗaruruwa ko dubbai. A faranti babu jini, alhali a jiki jan sinadarin jini yana lashe naitirik oksaid nan take, ita ma tsokar zuciya tana da nata jan sinadarin, mayogulobin, mai yin wannan aiki. Ƙwayoyin da aka fi gwadawa na jarirai ko 'yan tayin ɓeraye ne, ba na dattijo ɗan shekara 60 ba. Sannan su kansu magungunan ba iska kaɗai suke saki ba. Wani da masu bincike ke yawan amfani da shi yana sakin iskar tare da sufa'oksaid a lokaci guda, don haka feroksinaitirait ake gwadawa kai tsaye. Shi kuwa naitirofurusaid, wanda ya fi kowanne fitowa a irin waɗannan gwaje-gwaje, kowane ƙwaransa ɗaya yana ɗauke da naitirik oksaid guda, da ƙarfe guda, da sayanaid guda 5. Idan ƙwaya ta mutu a cikin wannan haɗi, ba za a ɗora wa iskar laifin ita kaɗai ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Sayanaid ɗin nan ita ce gubar da ke cikin rogo mai ɗaci, wadda ta sa ake jiƙa shi a shanya kafin a ci. Wurin da take kai hari kuma shi ne dai mazaunin oksijin ɗin nan na ƙarshen layin murhu, inda naitirik oksaid ke zama. Kashi 44 cikin 100 na nauyin naitirofurusaid sayanaid ne. Hanta tana iya sarrafa kaɗan ta mayar da shi wani sinadari mai sauƙin illa da ƙoda ke fitarwa, amma idan ɗurin ya yi sauri ko ya daɗe sai ya fi ƙarfinta, mai ciwon ƙoda kuma ko sinadarin na biyu ma taruwa yake yi masa. Shi ya sa takardar maganin ta iyakance mafi girman awo ga maikirogiram 10 ga kowane kilo na nauyin jikin majinyaci a minti, kuma ba a wuce minti 10 a kan wannan awo, shi ya sa kuma ake naɗe kwalbar don kada haske ya rushe shi. Yana da wani aibin daban: yana buɗe ƙananan jijiyoyin sassan zuciya masu lafiya, sai jini ya bi hanya mai sauƙi ya bar sashen da ke neman taimako. A 1982 Jay Cohn ya jagoranci gwaji a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka a kan maza 812 da suka samu toshewar jijiyar zuciya, aka tarar waɗanda aka fara ɗura wa maganin cikin sa'o'i 9 na farko sun fi mutuwa fiye da waɗanda ba a ba su ba, waɗanda aka fara wa daga baya kuma suka amfana. Magani ɗaya, cuta ɗaya, lokaci ne kawai ya bambanta.

Mu koma ga ma'aikatan nakiya da sabonsu. An daɗe ana ɗaukar wannan sabo a matsayin raguwar amfani kawai, wato magani ya daina ci, shi ke nan. A 1995 Thomas Münzel da David Harrison a jami'ar Emory ta Atlanta suka manna wa zomaye naitirogilisarin na kwana 3, suka tarar sufa'oksaid a jijiyoyinsu ya ninka. Ashe sabon ba shiru ba ne, ɓarna ce ke gudana a ƙarƙashinsa. A 2002 ɗakin gwajin Jonathan Stamler a jami'ar Duke ya gano enzayim ɗin da ke sarrafa naitirogilisarin ya fitar da amfaninsa, kuma a cikin maitokondiriya yake zaune. Ana taƙaita sunansa da ALDH2. Asalin aikinsa shara ne: yana kwashe wasu gubobi da ke fitowa idan kitsen bangon ƙwaya ya ƙone, irin waɗanda ke taruwa sosai lokacin da jini ya yanke wa zuciya. Naitirogilisarin kuwa yayin da enzayim ɗin ke sarrafa shi, gurgunta enzayim ɗin yake yi a hankali. Wannan ya bayyana sabon, ya kuma buɗe wata tambaya mai nauyi: idan mai shara ya kwanta, sannan jijiyar zuciya ta toshe, wa zai kwashe gubar?

Ɗakin gwajin Daria Mochly-Rosen a jami'ar Stanford ya gwada wannan, aka wallafa a 2011. Ɓerayen da aka ba naitirogilisarin ba yankewa na sa'o'i 16 kafin a toshe musu jijiyar zuciya, yankin tsokar da ya mutu musu ya kai kusan ninki biyu na sauran, da aka haɗa musu da wani sinadari mai farfaɗo da enzayim ɗin kuma ƙarin ɓarnar ya gushe. Ɓeraye ne, ba mutane ba, amma a ganina wannan ya fi duk gwaje-gwajen faranti nauyi, domin zuciya ce mai bugawa a cikin jiki mai jini. Akwai kuma mutane sama da miliyan 500, akasarinsu a Sin da Japan da Koriya, da aka haifa da raunin wannan enzayim, kuma an nuna cewa maganin ƙarƙashin harshe bai cika yi musu aiki kamar sauran mutane ba.

A jikin mutane fa, me aka gani? Manyan gwaje-gwaje biyu sun auna ba da waɗannan magunguna na makonni bayan toshewar jijiyar zuciya, ɗaya a Italiya a kan mutum sama da 19,000 da aka wallafa a 1994, ɗayan na ƙasashe da dama a kan mutum 58,050 a 1995. Ba a ga sun ƙara mace-mace ba, ba a kuma ga sun rage ta yadda za a dogara da shi ba. Maganin da ke sauke wa zuciya nauyi haka ya kamata a ce ya tsawaita rai, rashin ganin hakan ya sa wasu masana ke ganin cewa abin da yake bayarwa da dama yana karɓewa da hagu. A 2015 aka gwada aisosobaid a kan mutum 110 masu irin gazawar zuciyar da tsoka ke sandarewa, aka auna zirga-zirgarsu da na'ura, sai aka tarar motsinsu raguwa ya yi a lokacin da suke shan maganin. A 2006 kuma jami'ar Johns Hopkins ta wallafa gwajin da aka ba masu jinyar toshewar jijiyar zuciya ajinin don jikinsu ya ƙera iskar da yawa: cikin mutum 153, shida suka mutu a ɓangaren masu shan ajinin, babu ko ɗaya a ɗaya ɓangaren, aka dakatar da gwajin. Ina ambata wannan ne saboda ana sayar da ajinin a matsayin ƙarin kuzari ba tare da takardar likita ba.

Wanda zai ce to a toshe iskar mana, shi ma an gwada nasa. An ba masu gubar ƙwayoyin cuta a jini maganin da ke hana ƙera naitirik oksaid, awon jininsu da ya faɗi ya ɗaga, amma a rahoton 2004 a kan mutum 797 mutuwa ta kai kashi 59 cikin 100 a ɓangaren maganin, ɗayan ɓangaren kuma kashi 49. Gaba kura, baya sayaki.

Gwajin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa shi ne wanda aka yi a Amurka a kan baƙaƙen fata 1,050 masu gazawar zuciya, aka wallafa a 2004. An haɗa musu aisosobaid da wani tsohon maganin hawan jini mai suna haidiralazin, a kan magungunan da suke sha. Mutuwa ta sauka daga kashi 10.2 zuwa kashi 6.2 cikin 100, har aka tsayar da gwajin tun kafin wa'adinsa don kada a ci gaba da hana sauran, shekara guda bayan nan kuma aka amince da haɗin da sunan BiDil. Me ya sa a nan aka yi nasara? Wani ɓangare na amsar shi ne haidiralazin yana buɗe jijiyoyin da ke fita daga zuciya. Amma tun a 1996 Münzel ya nuna a jikin zomaye cewa haidiralazin yana hana ƙaruwar sufa'oksaid da naitirogilisarin ke jawowa, yana kuma hana sabon. Wato an ba da iskar, an kuma kore mata mugun aboki. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin hawan jini na cikin manyan abubuwan da ke gajiyar da zukatan mutane a Afirka, magungunan biyu kuma tsofaffi ne da aka daɗe da sani. Haɗin dai na masu raunin bugun zuciya ne da likita ya auna ya tabbatar, ba na duk wanda ƙafarsa ta kumbura ba.

Abin da likitoci suka ɗauka daga duk wannan shi ne a riƙa ba jiki hutu. Mai amfani da naitirogilisarin na mannawa a fata ana ce masa ya cire shi na sa'o'i 10 zuwa 12 kowace rana, galibi da dare. Aisosobaid da ake sha sau biyu akan tsara shi ne da tazarar sa'o'i 7 tsakanin na safe da na rana, don a bar dare babu magani, enzayim ɗin da ya gaji ya farfaɗo. A nan ne kuskure ke yawan shigowa daga wajen masu kyakkyawar niyya. Mai jinya ko mai kemis ya ga an rubuta sau biyu a rana sai ya raba daidai, ƙarfe 8 na safe da 8 na dare, ko majinyaci ya ji maganin ya daina ci ya ƙara wa kansa. Duka biyun suna kai mutum ga halin ma'aikacin nakiya ne, jini ba ya rabuwa da maganin. Wanda ya daɗe yana sha kuma bai kamata ya yanke rana ɗaya ba, saboda tsukewar jijiyar nan da ta riƙa kama ma'aikatan ranar Lahadi. Shi kuwa na ƙarƙashin harshe da ake sakawa lokacin da ciwo ya taso, aikinsa na mintuna ne, ba ya daɗewar da zai jawo sabo, kuma babu wani abu cikin binciken da na kawo da zai sa mai ciwon ƙirji ya ji tsoronsa.

Akwai hanya ɗaya da waɗannan magunguna ke kashe tsokar zuciya cikin gaggawa, ita kuma ba ta feroksinaitirait ba ce. Saƙon da naitirik oksaid ke bari a cikin jijiya akwai enzayim da ke goge shi, maganin ƙarfin maza irin su Viagra kuwa aikinsa hana wannan gogewa. Idan aka haɗa biyun, jijiyoyi suna buɗewa babu mai rufe su, hawan jini ya faɗi warwas, zuciyar da dama jijiyarta a ƙuntace take ta rasa jinin da zai ciyar da ita. Ƙa'idar ita ce ba a ba da naitirogilisarin cikin sa'o'i 24 bayan shan sildenafil, wato sinadarin da ke cikin Viagra, ko sa'o'i 48 bayan ɗan'uwansa tadalafil. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama haɗe-haɗen da ake tallatawa a matsayin na gargajiya ko na itatuwa zalla an cusa musu sildenafil a ɓoye, don haka mutum na iya shan sa bai sani ba. Maza masu ciwon sukari da hawan jini, waɗanda suka fi neman irin wannan taimako, su ne kuma suka fi zuwa asibiti da ciwon ƙirji. Shi ya sa likitan ɗakin gaggawa yake tambayar namijin da aka kawo dafe da ƙirji ko ya sha wani maganin maza a kwana biyun da suka wuce, kafin ya saka masa komai a ƙarƙashin harshe. Dattijo ba zai amsa wannan a gaban 'ya'yansa da surukansa ba, don haka sai a nemi 'yan rakiya su ɗan fita waje kafin a yi tambayar.